Dije Mai Duwatsu Ta Tafi, Ina Masu Wanka?

Dije ta rasu.

Na rubuta na goge, na sake rubutawa, har yanzu idona bai yarda da abin da yatsana ya danna ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina kicin ina dama kunun gyaɗa wayata ta yi ƙara. Na ga sunan Nafisa, 'yarta. Na ɗauka da shirin tsokana, na ce, "Ke 'yar baiwata, uwar taki ta farka ko tana can tana mafarkin tsakuwa?"

Sai ta ce, "Mama Uwani, Mummy ta tafi."

Na ce ta tafi ina? Don Allah ku ji tambaya. Mace tana kwance a asibiti da ciwon zuciya, ni kuma ina tambayar inda ta nufa.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Hajiya Dije nake nufi, ta Old Trafford a Manchester. Maƙwabciyata ce shekara da shekaru, katanga ɗaya ta raba mu, kafin maigidana ya rasu ɗana ya ɗauko ni ya dawo da ni wajensa nan Small Heath a Birmingham. Ni Bakanuwa, ita Bazazzagiya haifaffiyar Jos, to kun san abin da ke tsakani. Ba mu taɓa gaisawa da mutunci ba. Ina kiranta baiwata, tana kirana 'yar tireda.

Amma ba mutuwar kaɗai ta zaunar da ni rubutun nan ba. Kowa zai tafi.

Nafisa ta sake kirana wajen hantsi. Asibiti sun ce gobe da safe za su ba da ita, a yi wanka, a yi sallah bayan azahar. Yarinyar nan ta bi matanmu ɗaya bayan ɗaya a waya tana neman masu wanka. Wannan tana da shift. Waccan bayanta ya riƙe. Wata ba ta ɗauka ba sam, alhali ga ta nan a group tana turo "Allah ya jiƙan musulmi", ko sunan mamaciyar ta kasa rubutawa.

Matan masallaci, 'yan Pakistan da 'yan Somaliya, sun ce za su yi. Allah ya saka musu da alheri, ba su taɓa ƙin kowa ba. Sai dai Nafisa ta tambaye ni da Hausarta ta Manchester, "Mama, why? Ba ta da mutane ne? Me ta yi musu?"

Ku kun san dalili, ni ma na sani. Tunda an daɗe ana faɗa a bayan ƙofa, yau ni zan faɗa a tsakar gida.

Dije tun tana yarinya take tsintar dutse. Babanta a wajen haƙar kuza ya yi aiki, ita kuma tana bin mata masu wanke ƙasa a ƙwarya. Ta ce min sa'anninta na tara 'yar tsana, ita tana tara tsakuwa a gwangwanin madara. Aure ya kawo ta Ingila, hali bai canza ba. In za mu je sayen nama, idonta na ƙasa kamar wadda ta yar da ɗan kunne. Sau nawa bas ta wuce mu saboda ta tsaya duba wani abu a gindin katanga.

Bayan yara sun girma sai ta shiga wata ƙungiya ta tsofaffin Turawa masu wannan sha'awa. Ku kwatanta a ranku: tsofaffi da hulunan ulu da 'yan guduma, ga Dije a tsakiya da hijabi har gwiwa da takalmi irin na soja. Na ce mata, "Baiwata, mutane na tsufa su kama carbi, ke kin kama guduma."

Ta ce, "Carbin ma ai da dutse ake yin na kirki, jahila."

A wajensu ta koyi cewa ba ko'ina ake ɗauka ba. Ta ce a ƙasar nan ko a bakin teku, wani wurin in ka cika jaka da tsakuwa council, wato hukumar gari, na iya tsare ka. Na ce to, mun zo ƙasar da tsakuwa ma tana da uba.

Baƙaƙen duwatsun da suka jawo magana kuwa ba daga nan suka fito ba.

Matar ɗanta Bashir ta haihu a Amurka, can Arizona, Dije ta tafi wankan jego. Wata tsohuwar maƙwabciyarsu ta ga duwatsun da ta jera a taga, ta gane 'yar'uwa ta samu. Ranar da mai jego ta ɗan samu ƙarfi, tsohuwar ta sa Dije a mota suka nufi daji.

Da ta dawo, sai da kunnena ya yi zafi.

"Uwani, ba dutse ba ne fa, gilashi ne. Dutse mai aman wuta ne ya amayo shi tun kafin kakannin kakanninmu, ya huce da sauri, ya daskare." Sunansa wai obsidiyan. Ni dai da na gan su a tafin hannunta, baƙaƙe, 'yan dunƙule-dunƙule, wasu kamar ɗinya, wasu ba su kai ba, na ce, "Yanzu har jirgi kika hau kika kwaso kashin awaki?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ta ja ni bakin taga ta ɗaga guda ɗaya saitin rana. Wallahi baƙin ya buɗe. Haske ya ratsa ta ciki, launin shayin da ba a sa wa madara ba. Na karɓa na sake ɗagawa da hannuna.

Ta koya min yadda ake nemansu kamar gobe zan tafi. Ta ce a cikin wani farin dutse suke zama, mai ruwan toka, mai rugurgujewa a hannu kamar kanwa. Ruwan sama ke cinye farin, ya saki baƙaƙen, ya gangaro da su. Don haka ba kan tudu za ki hau ba, busasshen rafi za ki bi, ki duba inda ruwa ya karya kwana ya zube yashi. A lokacin sanyi ake zuwa, da sassafe, da ruwan sha mai yawa. Kar ki zura hannu ƙarƙashin dutse, akwai masu gida, macizai da kunamu. In kika ga hadari ko daga nesa ne, ki fita daga rafin, don ruwan can ba ya sallama.

Na ce, "To filin na uban wa?"

Ta ce na gwamnati ne, na kowa da kowa, amma da ƙa'ida. Sai an fara tambaya a ofishinsu an ji inda aka yarda. Ki ɗebi kaɗan na kanki, ba na sayarwa ba, "ki ji da kyau, 'yar tireda." Ba a ɗauka a gandun da aka keɓe don masu yawon buɗe ido. In kika ga an kafa turaku, wani ya riga ya kama wurin don haƙa, ki wuce. In akwai shinge, gonar wani ce. In kuma kika tsinci wanda aka sassaƙa kamar kan kibiya, aikin mutanen farko ne na ƙasar, ki mayar inda kika gan shi.

Matar da ke tsoron ɗaukar tsakuwar da ba halalinta ba. Ku riƙe wannan.

Sai aka yi taron Sallah a wani hall a Manchester, ina wurin, ba labari aka ba ni ba. Dije ta zo da gwangwaninta. Ta zauna a kusurwa tana haska wa yara duwatsun da fitilar waya. Yara suka bar shinkafa suka yi layi. Kowa ta ba shi ɗaya, tana cewa a ajiye a taga. Wata 'yar ƙarama, ba ta fara makaranta ba ma, ta ɗauka alewa ce ta jefa a baki. Uwar ta zaro, aka yi dariya, aka watse.

Ba a jima ba yarinyar ta kwanta zazzaɓi, maƙogwaro ya kumbura. Cikin zafin jiki tana ta kiran "Hajiya Dije, Hajiya Dije." Dutsenta take nema, uwar ta riga ta jefar.

A gidan akwai kakar yarinyar, ta zo daga gida ziyara. Tana jin haka ta ce, "Ƙanƙara ta ba ta."

Ku 'ya'yanmu da aka haifa a nan, na san ba ku gane ba, bari in fassara muku abin kunyarmu. A gida ana cewa maye yana da 'yan duwatsu a ciki, su ake kira ƙanƙara, yana amayo su ya ba wanda ya ga dama. Ana cewa in ya kama kurwar mutum, mara lafiya zai dinga kiran sunansa. Maganin kuma wai a kawo shi ya tsallake mara lafiyar, sai ya saki. Da wannan muka tashi. Mun haye teku, mun koyi hawa tram, mun koyi yi wa GP, likitan unguwa, gardama, amma wannan yana nan a ƙasan akwati ba mu zubar ba.

Aka yi wa Dije waya aka ce yarinya na kiranta. Baiwar Allah ta ji daɗi ma. Ta dafa fate, ta zuba a kula, ta hau bas.

Ta shiga falo ta tarar an shimfiɗa yarinya a ƙasa, mata na tsaye jikin bango, ba wanda ya amsa sallamarta da ƙarfi. Kakar yarinyar ta ce, "Ba faɗa muka kira ki ba. Ki tsallake ta kawai, ki tafi."

Da yamma Dije ta kira ni ta gaya min. Muryarta ƙalau, kamar tana ba ni labarin farashin tumatir.

Na ce, "Dije, ce min kika yi kin zage su kin fito."

Ta ce, "Uwani, na dubi uwar yarinyar. Idonta ya yi jawur, ta kwana biyu ba barci. Na ce a raina, in ɗaga ƙafata zai sa baiwar Allahn nan ta runtsa, mene ne a ciki? Na tattare zanina na tsallake. Na yi wa yarinyar addu'a, na ajiye musu faten."

Na ɗora hannu a ka. Na ce, "Kin gama da kanki."

Ta ce, "Haba, a Ingila?"

A Ingila kuwa. Yarinyar dama ciwon maƙogwaro ne, tonsils, GP ya riga ya ba ta antibiotics tana sha. Magani ya yi aikinsa, ta miƙe tana wasa. Sai aka ce, kun gani ko? Tana tsallakewa ta saki.

Da ta ƙi, da an ce ta ƙi saki. Da ta yi, aka ce ta amsa laifi. Ku gaya min ƙofar da aka bar mata.

Daga nan ba wanda ya fito ya ce mata komai. Mu ai ba ma faɗa a fuska. Kawai in an yi taro kularta ce ke komawa gida a cike. In ta shigo, uwa ta ja ɗanta bayan zani. Biki sai dai ta gani a hoto. Duwatsun da ta raba wa yara duk an zuba a shara, wata ma har bakin ruwan canal ta je ta jefa tana karanto addu'o'i. Na yi faɗa a group har admin ta cire ni, sai bayan azumi aka mayar da ni, wai in na yi alkawarin kama bakina. Ban kama ba, amma ni ina Birmingham, ita ke kwana a cikin abin.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne wanka. Shekaru, in mace ta rasu a cikinmu, Dije ake fara kira. Ita ta san yadda ake yanka likkafani ba a ɓata yadi ba. Ita ta koya wa da yawanku yadda ake juya mamaci a hankali, yadda ake rufe shi kar a ga abin da ba ya so a gani. Wasu cikin masu shift ɗin gobe, ita ta wanke iyayensu mata lokacin da su suka kasa shiga ɗakin. Bayan maganar nan aka daina kiranta. Sai dai ta ji an binne.

Ni kuwa me zan ce?

Lokacin da na zo ƙasar nan ban san hagu da dama ba, ita ta koya min in danna ƙararrawa kafin bas ta wuce da ni. Ita ke raka ni asibiti tana fassara, tana ƙara nata a ciki. Likita ya ce in rage gishiri, ita ta ce min wai ya ce in rage surutu.

Da na yi takaba, kullum sai ta zagayo. Ba ta yi min wa'azi ba ko sau ɗaya. Wata rana ta zauna ta tsefe min kai, tana cewa Kanawa ko kuka suke sai sun nemi ragi. Ranar ce na fara dariya bayan rasuwar Malam.

In kukar miyarta ta iso daga gida, rabi nawa ne, ko ban tambaya ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe farkon bazarar nan ce. Na hau coach na je. Na tarar ta rame, zoben hannunta na juyawa. Gidan tsit, gidan da da ba ka samun wurin ajiye takalmi. Duwatsun na nan a taga, ta goge su tas.

Na ce, "Har yanzu ba ki zubar da kashin awakin nan ba?"

Ta ce, "Su ai ba su guje ni ba."

Ta ce akwai wani wuri a Oregon, can Amurka, da take son gani kafin ta mutu, tudu guda duk gilashi, wani baƙi, wani da ratsin ja, kuma an yarda a ɗiba. "Ki shirya mu je, ke ki riƙe jaka." Na ce da wace gwiwar? Ta ce za ta goya ni, dama aikin bayi ne. Ita da bakinta. Ranar na san jikin ya yi nisa, don Dije ba ta taɓa sallama min wannan gardamar ba.

Muka ci tuwo. Can ta ajiye cokali ta ce, "Uwani, ba kaina nake ji ba, ni na kusa. Amma kin san abin da ake cewa, wai a nono ake sha. Nafisa ta sha nawa, 'yan matanta sun sha nata. Ranar da wani zai zo neman aurensu, wata za ta ja uwarsa gefe."

Na ce Allah ba zai nuna mana ba.

Ta ce, "In mata suka shiga ɗakin wankana, magana ta mutu tare da ni. In ba su shiga ba, ta zama gado."

Na ce ta daina yi min maganar mutuwa ina cin abinci. Ta yi murmushi. "Ke dai in na riga ki, ki zo. Kuma kar ki yi min tsumulmular sabulu irin taku."

Ta rako ni har bakin titi da silifas, tana haki. Bas ta zo na shiga. Ina leƙowa ta taga na ga ta sunkuya tana duba wani abu a ƙasa.

Shi ke nan ganina da ita.

To, matan Manchester, ga ni nan zuwa. Ɗana na tasowa daga aiki zai kawo ni, a gidan Nafisa zan sauka. Gobe da safe ina ɗakin wanka.

Amma ku dube ni. Gwiwa ta tafi, hannun dama ba ya ɗaga bokiti. Nafisa ba ta taɓa ganin ana yi ba, kuma uwarta ce, ba a bar 'ya ita kaɗai da wannan. Ni zan riƙe kai. Ina neman mai kama min juyi, ina neman mai zuba ruwa. Ba baƙi nake nema ba, ku nake nema, ku da kuka ci tuwonta, ku da ta tsaya muku ranar da ƙafafunku suka ƙi ɗaukarku.

Mai shift ta roƙi canji, kun iya roƙa in biki ne. Mai ciwon baya ta zo ta zauna a kujera ta miƙo tawul, an gan ta a ɗakin ya isa.

Ke kuma uwar yarinya, ba zan kama sunanki ba, na san kina karantawa. Ban riƙe ki ba, ita ma ba ta riƙe ki ba, ta gaya min da bakinta. Uwa ce ke, tsoro ya kama ki, aka faɗa miki abu kika bi. Amma yau 'yarki na makaranta lafiya lau, 'ya'yan Nafisa kuma suna nan za su girma a cikinmu. In kika shigo gobe, ba wadda za ta sake buɗe baki. Ba sai kin ce komai ba. Ki zo, ke za ki zuba ruwan farko.

Ya Allah, ga Dije nan ta zo gare ka. Ka san abin da ke cikinta fiye da mu masu zato. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka sanya haske a cikinsa. Duk matar da ta wanke ta suturta, ka sa ya zama sutura gare ta. Hawayen da ta haɗiye ba ta nuna ba, ka mayar mata da su rahama. Ka ba Nafisa da Bashir haƙuri, ka tsare 'ya'yansu daga bakin mutane. Mu kuma ka yafe mana, ka kyautata namu ƙarshen.

Duk wanda ya karanta, na kusa da na nesa, na sani da wanda ban sani ba, don Allah ya tsaya ya yi mata addu'a kafin ya wuce. Ku haɗa da ni a ciki. Ku roƙa min Allah ya ba hannuna ƙarfi gobe, don ban san yadda zan juya Dije ta yi shiru ba ta ce na cika garaje ba.